Ina mutum zai sami zaman masu taimakon juna wajen barin giya?

Mai_Neman_Mafita:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na shigo da sunan da ba nawa ba saboda nauyin abin da zan tambaya, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya amsa da ilimi ko da abin da ya gani da idonsa. Ni magidanci ne, ma'aikaci a Kaduna, na daɗe ina shan giya a ɓoye. Na sha dainawa da kaina, har in kai ƙarshen azumi ban kusance ta ba, amma da an sha ruwa an yi Sallah sai in koma, kuma yanzu abin ya fara taɓa aikina da gidana. Na ji cewa a wasu ƙasashe waɗanda suka bar sha suna haɗuwa duk mako, suna faɗa wa juna halin da suke ciki, wanda ya daɗe da bari yana riƙe da hannun sabon shiga. Shin akwai irin wannan zama a garuruwanmu? Idan akwai, ta yaya mutum zai gano shi ba tare da ya tona wa kansa asiri ba? Wa'azi na sha ji, kuma na yarda da shi. Abin da na rasa shi ne wanda zan kira da daddare a lokacin da zuciyata ta fara ja na zuwa wurin da na saba.

Baƙon_Birmingham:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya dafa maka. Abin da kake kwatantawa shi ne zaman ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa da AA, kuma ni ina halartarsa a nan Ingila shekaru da dama. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da Bill Wilson da wani likita, Bob Smith, waɗanda giya ta ɗaiɗaita dukansu, suka lura cewa maganar da mashayi yake yi da mashayi ɗan'uwansa tana hana su biyun komawa. Yau ƙungiyar tana ƙasashe kusan 180.

Zaman yakan ɗauki awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta sunan kowa, kuma sunanka na farko kawai za ka faɗa idan ka ga dama. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya guda ɗaya ne, wato son daina sha. Idan mutum yana magana ba a katse shi, ba a kuma yi masa nasiha bayan ya gama. Kowa labarin kansa yake bayarwa. Akwai zaman da kowa zai iya shiga, har dangi, akwai kuma wanda ba a shiga sai mai fama da matsalar. Abin da ka ce ka rasa, wato wanda za ka kira da dare, shi ne ginshiƙin tsarin: sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama jagoransa, ya karɓi lambarsa, ya kira shi kafin ya sha, ba bayan ya sha ba.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Malam Mai_Neman_Mafita, kafin a yi nisa da batun zama, ina so ka amsa mini tambaya guda, domin rayuwarka tana iya rataya a kanta. Shin kullum kake sha, kuma idan ka tashi da safe hannunka yana rawa, kana gumi, zuciyarka na tashi har sai ka ɗan kurɓa sannan jikinka ya daidaita? Idan haka ne, kada ka yanke sha farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya kullum yana iya shiga jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko bayan an daina, sannan daga kwana na biyu zuwa na uku wasu sukan ruɗe, su riƙa ganin abin da babu shi, zazzaɓi ya rufe su, bugun zuciya ya hau. Wannan hali yana kisa idan ba a kula ba. Na sha ganin an kawo mana irin waɗannan bayan an kwana ana yi musu hayaƙi da turare, dangi na zaton iska ce ta taɓa su, alhali ɗaukewar giya ce. A asibiti ana ba da maganin da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki a riƙa rage shi sannu a hankali, tare da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Masu zaman taimakon juna ba likitoci ba ne, kuma su da kansu ba su ce su likitoci ba ne.

Mai_Neman_Mafita:
Na gode Hajiya. Gaskiya a 'yan watannin nan hannuna yana rawa da safe, abin da ba ya yi a da. Ban san yana da wannan haɗari ba.

Ma'aikaciyar_Jinya:
To ka nemi ganin likita cikin makon nan. Kana Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa yana kusa da kai, kuma yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Ga waɗanda ke wasu wurare, akwai irinsa a Kware ta jihar Sakkwato da kuma Maiduguri, akwai asibitin Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano, akwai asibitin koyarwa na Jos da na Shika a Zariya. Kuma wannan yana amsa wani ɓangare na tambayarka ta farko. A wurinmu ba a liƙa sanarwar irin wannan zama a bango ko a faɗa a rediyo, saboda haka wanda ya fi kowa sanin inda waɗanda suka bar sha suke haɗuwa shi ne likitan da ya yi jinyarsu, ko masanin halayyar ɗan Adam, ko jami'in walwalar marasa lafiya na sashen. Ka tambaye su kai tsaye ko akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama, ko akwai wani da ya warke da zai yarda a haɗa ku. Aikinsu ya wajabta musu riƙe sirrinka.

Dan_Tudun_Wada:
Ni ban ga dalilin da zai sa Musulmi ya ɗauko tsarin Turawa a kan abin da addininsa ya riga ya yanke hukunci ba. Giya haramun ce, maganinta tuba ne da canza abokai da lazimtar masallaci. Ka sami malamin da ka amince da shi ya riƙa yi maka addu'a. Tara mashaya a ɗaki ɗaya suna tuna wa juna abin da suka aikata, ina tsoron ya zama hanyar komawa maimakon hanyar fita.

Malamin_Islamiyya:
Ɗan'uwa Dan_Tudun_Wada, babu wanda ya yi jayayya a kan haramcin giya a nan, shi kansa mai tambayar ya ce ya yarda da wa'azin. Ya kamata mu tuna cewa haramcin bai sauka a rana ɗaya ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisance ta baki ɗaya. Kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an yi wani mutum da aka sha kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, har wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wanda ya faɗi ya tashi sau da yawa bai fita daga cikinmu ba, kuma taimakonsa yana kanmu.

Amma ina da tawa damuwar, ina so Baƙon_Birmingham ya warware mini. Hadisi ya yi gargaɗi a kan mutumin da Allah ya suturta shi da dare, ya wayi gari yana bayyana abin da ya aikata. Yaya za a haɗa wannan da zaman da aka gina shi a kan mutum ya tashi gaban jama'a ya ba da labarin shansa? Na biyu, na ji cewa ana rufe zaman da addu'ar da ba tamu ba.

Baƙon_Birmingham:
Allah ya gafarta Malam, waɗannan tambayoyi biyu sun hana ni barci a farkon zuwana, don haka ba zan ɗauke su da sauƙi ba. Game da ta farko, abin da na fahimta shi ne akwai bambanci tsakanin wanda ke ba da labarin saɓonsa yana alfahari da shi a majalisa, da wanda ke faɗa wa mai iya taimakonsa domin ya rabu da shi, kamar yadda mara lafiya ke buɗe wa likita abin da ba ya buɗe wa kowa. A ɗakin da nake zuwa ban taɓa jin wanda ya yabi giya ba. Abin da ake faɗa shi ne yadda ta raba mutum da matarsa, yadda ya yi wa 'ya'yansa ƙarya, da abin da ya yi jiya da yamma da sha'awar ta taso har ta wuce bai sha ba. Ba a kuma tilasta wa kowa magana, mutum yana iya yin watanni yana saurare kawai.

Game da ta biyu, gaskiya ne ƙungiyar ta taso ne a cikin Kiristocin Amurka, kuma wasu rukunoni, musamman a can, suna rufe zama da addu'ar da ke cikin Linjila. Matakanta goma sha biyu, wato matakan da mai son daina sha yake bi ɗaya bayan ɗaya, suna magana a kan miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya fahimce shi, ba su ɗora wa kowa wata aƙida ba. Ni idan an zo addu'a nakan yi shiru in yi tawa a zuciya, babu wanda ya taɓa tambayata dalili. Akwai kuma Musulmin Amurka da suka ga wannan bai ishe su ba, suka kafa tasu mai suna Millati Islami a birnin Baltimore a 1989, suka sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da Sunna, kuma suna yin zama ta intanet.

Malamin_Islamiyya:
Na gamsu da amsarka ta biyu fiye da ta farko. Ƙiyasin likita yana da ƙarfi idan mutum ɗaya ne amintacce, amma idan ɗaki ne mai mutum ashirin, ina ganin ya kamata mai magana ya taƙaita a kan abin da zai amfani masu saurare, kada ya zayyana abin da babu buƙata, kada kuma ya ambaci sunan wani da suka yi tare. Da wannan sharaɗi ban ga abin hanawa ba. Wannan fahimtata ce, wani malamin yana iya ganin saɓanin haka.

Dan_Tudun_Wada:
Na ji bayanin Malam kuma na girmama shi, amma ban yarda da zama a coci ba, domin na ji a can ake yawan yin irin wannan taro.

Dan_Jos:
Ɗan'uwa, ni Kirista ne, Hausa kuma harshen da na tashi da shi ne, bari in yi bayani a kan wannan. Rukunonin AA sukan karɓi hayar ɗaki a harabar coci ko makaranta ko asibiti saboda arha da sirri, amma ƙa'idarsu ta hana su zama reshen kowace majami'a, ta kuma hana su karɓar gudummawar kuɗi daga waje. Abin da 'yan zaman suka jefa a kwano da shi ake biyan ɗaki da shayi. Duk da haka na fahimci cewa a gari irin Kaduna, Musulmi ya shiga harabar coci duk daren Laraba abin magana ne, kamar yadda ni ma shigata zauren masallaci kowane mako zai jawo tambaya. Shi ya sa na goyi bayan Ma'aikaciyar_Jinya, harabar asibiti ta fi ko'ina dacewa, domin kowa yana da hujjar shiga asibiti.

Matsalarmu a Filato daban take da taku. Ku kunya ce ke hana ku neman taimako, mu kuwa yawan samuwa ne. Burukutu yana wurin biki, yana wurin makoki, yana wurin gayya a gona, wanda ya ƙi karɓar ƙwarya sai a ce yana wulaƙanta mutane. Mahaifina bai iya bari ba sai da ya sami wasu dattawa biyu da suka riga shi dainawa, suka riƙa zuwa taro tare suna zama gefe ɗaya, idan an miƙo wa ɗaya sauran su amsa masa. Ba su taɓa jin sunan wata ƙungiya ba, amma abin da suka yi shi ne ainihin abin da ake tattaunawa a nan.

Direban_Tirela:
Ina biye da ku tun daga farko. Ni aikina ba ya bari in zauna gari ɗaya, yau ina Legas gobe ina hanyar Kano, saboda haka zaman mako-mako a ɗaki ɗaya ba zai yiwu mini ba. Abin da ya kama yawancinmu a tasha ba kwalbar giya ba ce, 'yan ledojin nan ne masu arha da ruwan saiwoyi da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ciwon baya, alhali barasa ce mai ƙarfi a ciki. Mutum zai rantse maka bai taɓa shan giya ba, amma ba ya iya tayar da mota sai ya tsotsi leda biyu. Na fara samun sauƙi ne da wani abokin aiki ya nuna mini zaman da ake yi ta waya. Ina ajiye mota, in sa abin sauraro a kunne, in kashe kyamara, in saurara. Abin da ya dame ni shi ne duk da Turanci ake yi, wani Turancin ma ba na kama shi sosai, kuma akwai kuɗin data.

Mai_Shago_Sabon_Gari:
Ai hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba tun farkon 2024. Sanarwa daban, abin da ke kan tebur a tasha daban.

Baƙon_Birmingham:
Wannan batu ne babba, amma kada mu bar mai tambaya a tsaye. Game da zaman waya da Direban_Tirela ya ambata, akwai shafin Online Intergroup of Alcoholics Anonymous da ke jera tarukan intanet, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya, yawanci ta manhajar Zoom. Ana iya tace su bisa harshe da lokaci, da na maza zalla ko mata zalla. Shawarar da ake ba sabon shiga ita ce ya gwada rukunoni daban-daban kafin ya yanke hukunci, domin kowane ɗaki da yanayinsa. Kuma idan ka shiga, ka rubuta cewa daga Najeriya kake kana neman wanda ke kusa. A irin wannan hanya mutane da yawa suke jin labarin zaman da ake yi ido da ido a garinsu.

Dalibar_Likitanci:
Tun da an tambayi ko tara mashaya wuri ɗaya ba zai mayar da su ba, ga abin da bincike ya nuna. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta fitar da nazarin John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri, wanda ya tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa jinyar da aka tsara domin shigar da mutum cikin AA ta fi sauran hanyoyin ba da shawara da aka gwada ta da su wajen sa mutum ya daina ɗungurungum: bayan shekara ɗaya kusan kashi 42 cikin ɗari ba su sake sha ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 35. Ga wanda maganar matakai goma sha biyu ba ta kwanta masa ba, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, wadda ba ta shigo da batun addini, tana koyar da dabarun gane abin da ke tayar da sha'awa da yadda za a jure har ta lafa. Akwai kuma magunguna irin su naltrexone da acamprosate da likita kan rubuta domin rage komawa, kuma shan su bai hana zuwa zama ba.

Tsohon_Malamin_Lissafi:
'Yata, alkaluman da kika kawo daidai ne, amma a karanta su da idon basira. Kashi 42 yana nufin fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar, don haka kada mai tambaya ya ɗauka cewa shiga zama shi ne ƙarshen gwagwarmaya, kada kuma ya yanke ƙauna idan ya zame. Sannan mafi yawan binciken a Amurka aka yi shi, inda mutum zai iya samun taro a unguwarsu kowace rana. Abin da ke aiki a cikin tsarin, kamar yadda masu nazarinsa suka sha bayyanawa, shi ne mutum ya musanya abokan sha da abokan da ba sa sha. Wannan kuwa zama ta waya ba ya cika samar da shi, domin wanda ke wata nahiya ba zai raka ka ɗaurin aure ya zauna kusa da kai ba.

Uwar_Biyu:
Ni matar mai irin wannan lalura ce, ina roƙon a tuna da mu. Shekaru na yi ina ɓoye wa iyayena, ina yi masa ƙarya a wurin aikinsa idan ya kasa tashi, ina zaton rufin asiri nake yi, ashe ina sauƙaƙa masa ci gaba ne. Na fahimci haka ne a zaman Al-Anon, ƙungiyar iyalan masu sha wadda aka kafa a 1951, matar Bill Wilson ɗin da aka ambata, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa ta. Ta waya nake shiga. A can na fara jin cewa ba ni na jawo shansa ba, kuma ba ni da ikon hana shi da ƙarfina. Malam Mai_Neman_Mafita, ban san halin gidanku ba, amma ina kyautata zaton uwargidanka ta san fiye da yadda kake tsammani, kuma shirun da take yi yana cin ta. Lokacin da dangin mijina suka gano, shawarar da suka fara kawowa ita ce a kai shi gidan mari, ni ce na tsaya na ce sai dai asibiti.

Mai_Karatun_Shari'a:
Kin yi daidai Hajiya. Ba a manta da watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan a watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura da Katsina. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu can ne da kyakkyawar niyya saboda shaye-shaye. A watan Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya. Alamar zaman taimakon juna na gaskiya ita ce da ƙafarka ka shiga, da ƙafarka za ka fita, ba a kulle ka, ba a karɓe wayarka, ba a ce ka kawo kuɗi masu yawa kafin a saurare ka.

Sai dai in ƙara da gargaɗi ɗaya. Sirrin da ke tsakanin 'yan zama alkawari ne na mutunci, ba shi da kariyar da sirrin likita yake da ita. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, inda shan giya laifi ne ga Musulmi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wani dalili ne na fifita zaman da ke ƙarƙashin inuwar asibiti.

'Yar_Cikin_Gida:
Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Duk maganar da ake yi kamar maza ne kaɗai ke sha, alhali akwai mu. Namiji idan ya daina za a ce ya shiryu, mace kuwa ko ta daina sunan ya bi ta har 'ya'yanta. Ba zan iya zama a ɗaki ɗaya da maza in faɗi wannan ba, ba zan iya fita da dare ba tare da an tambaye ni ina za ni ba. Zaman mata zalla ta waya shi ne kawai ya karɓe ni, da rana idan yara sun tafi makaranta. Ina shawartar duk macen da ke karantawa a ɓoye ta zaɓi mace ta zama jagorarta, kada ta ba namijin da ta haɗu da shi a zama lambarta komai kirkin da ya nuna, domin sabuwar shiga tana cikin rauni kuma ba kowa ne ke zuwa da zuciya ɗaya ba.

Uwar_Biyu:
Allah ya ƙara miki ƙarfi 'yar'uwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na ji daɗi da kika daure kika rubuta.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi boko da Faransanci muna samun zaman Alcooliques Anonymes ta intanet, amma ƙanena da nake nema wa bai yi makaranta ba, Hausa kawai yake ji. Matsalarsa ɗaya da ta Direban_Tirela. Tambayata ga Baƙon_Birmingham ita ce, dole ne sai an sami izini daga wani ofishi kafin a fara zama da Hausa?

Baƙon_Birmingham:
Ba a buƙatar izinin kowa. A ƙa'idar ƙungiyar, duk mutum biyu ko uku masu fama da giya da suka haɗu domin su daina suna iya kiran kansu rukunin AA, muddin ba su jingina rukunin ga wata ƙungiya ba. Babban ofishinsu da ke New York yana amsa wasiƙun waɗanda ke zaune inda babu zama, yana kuma haɗa su da wasu ta hanyar rubutu. Abin da nake ganin ya fi izini muhimmanci shi ne a sami aƙalla mutum ɗaya da ya ɗan daɗe da bari, a tsayar da rana da lokaci da wuri da ba sa canzawa, kuma a zo ko da mutum biyu ne suka halarta. Rukunoni da yawa suna mutuwa ne saboda sabon shiga ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Mai_Neman_Mafita:
Na dawo in sanar da ku inda aka kwana. Na ga likita, ya ɗebi jinina domin duba hanta, ya kuma tsara mini yadda zan daina a ƙarƙashin kulawarsu, ya ce in zo da wani daga gida. Saboda haka na faɗa wa matata, kuma Uwar_Biyu ta yi gaskiya. Na tambayi batun zama kamar yadda Hajiya ta ce, sai likitan ya ce zai tuntuɓi wani da ya yi jinya a hannunsa ya ji ko zai yarda a ba ni lambarsa. Ina jira. Na kuma saurari zama ɗaya ta waya ban ce komai ba.

Direban_Tirela:
Madalla. Tun da ga mu nan mun kai biyar ko shida, me zai hana mu buɗe rukuni a WhatsApp mu fara namu da Hausa, ko da daren Juma'a ne?

'Yar_Cikin_Gida:
Ni ba zan shiga ba. A rukunin WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, daga lamba kuwa ana iya gano suna da hoto, kuma saƙon murya da aka tura ana iya ajiye shi a tura wa wani. Idan za a yi, a yi ta hanyar da ba a ganin lamba, a hana naɗar murya, kuma a ware na mata daban.

Mai_Karatun_Shari'a:
Damuwarta tana kan hanya. A Zoom mutum yana iya shiga da sunan da ya zaɓa ba tare da an ga lambarsa ba, mai buɗe zaman kuma yana iya kashe damar naɗa ya riƙa tantance masu shiga ɗaya bayan ɗaya, ko da yake babu abin da zai hana mai mugun nufi ɗauka da wata wayar. Kada a liƙa adireshin shiga a wannan zaure da kowa ke karantawa.

Tsohon_Malamin_Lissafi:
Ina goyon bayan a gwada, amma ina nan a kan bakana cewa waɗanda ke gari ɗaya su yi ƙoƙarin ganin juna ido da ido. Kuma wa zai jagoranci zaman? A cikin waɗanda suka nuna sha'awa, Baƙon_Birmingham ne kaɗai ya san yadda ake gudanar da shi.

Baƙon_Birmingham:
Zan iya riƙe zaman farko-farko kafin wani ya karɓa, domin a tsarin ba a barin jagoranci a hannun mutum ɗaya. Daren Juma'a ina wurin aiki, sai dai Asabar bayan sallar Isha'i agogon Najeriya da Nijar. Na mata kuwa ba ni zan riƙe ba, sai 'Yar_Cikin_Gida ta duba ko a cikin waɗanda take zama da su akwai mai jin Hausa da za ta yarda. Dan_Maradi, ka tambayi ƙanenka ko shi da kansa yana so, kuma idan kullum yake sha, a fara kai shi wurin likita kamar yadda Ma'aikaciyar_Jinya ta faɗa kafin ranar Asabar ɗin.